Nono Ko Madarar Waken Suya: Zaɓin Da Ke Gaban Magidanta A Ƙasar Tofa

A ƙauyukan ƙasar Tofa, tun daga Janguza da Langel har zuwa Lambu da Doka da Yanoko, akwai abubuwa uku da ke takarar ɗan kuɗin da ya rage a aljihun magidanci bayan an auno hatsi, kowannensu kuwa da sunan gina jiki yake neman a saye shi. Na farko shi ne nonon da Bafilatana ke ɗaukowa daga ruga tun da sassafe. Na biyu shi ne abin da ake samu daga waken soya, wanda Kanawa suka fi kira waken suya, watau awara a faranti da madararsa a ƙulle cikin leda ko a gora. Na uku kuwa yana jere a kantar mai kemis: kwalabe da fakitocin ƙwayoyin bitamin, masu hoton ƙaƙƙarfan namiji ko jariri mai kumatu. Nono ya girmi kakannin kowa. Awara ba ta cika shekara arba'in da shiga kaskon Bahaushiya ba. Ƙwayar bitamin kuwa, duk da cewa ita ce mafi tsada a cikinsu, ita aka fi saye ba tare da an tambayi amfaninta ba.

Ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ko malamin firamare wanda albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi nisa ba, watau Naira 71,000 da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a ƙarshen shekarar 2024, wannan zaɓi ba na marmari ba ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 57 cikin 100 na yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ma'ana tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya sami ɗan sauƙi, amma har a lokacin fiye da rabin yaran ne. Haka kuma binciken na 2018 ya gano ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa, da kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara. Tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya ta sake shi, kuma ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, har ajin makaranta takan bi shi.

ƘASAR DA BA TA DA SAURA

Kafin a yi maganar wanne ya fi, ya kamata a san dalilin da ya sa nono ya yi wuya a inda a da ba a ɗauke shi a bakin kome ba. Tofa tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano wanda masana labarin ƙasa suka daɗe suna mamakinsa saboda cunkoson jama'a da yawan gonaki. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka buga bincikensu a kan wannan yanki, inda suka nuna cewa manomi a nan ba ya barin saura, gona ɗaya ake nomawa kowace shekara, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa. Tun daga wancan lokaci jama'a ta ninka, an raba gonaki gado bayan gado, birni kuma ya miƙo ƙafa ta hanyar Gwarzo yana mai da gona fuloti. Abin da ya fara shan wuya a wannan matsi shi ne makiyaya da burtali.

Saboda haka garke ba ya iya zama a irin wannan ƙasa da damina, sai bayan an kau da amfanin gona shanu su dawo su ci kara da karmami su bar taki. Da rani ya tsananta kuma ciyawa ta ƙare, hantsar saniya takan ƙafe. Ko da a lokacin wadata ma, farar saniya irin Bunaji ba ta cika ba mai tatsa abin da ya wuce lita ɗaya zuwa biyu a yini ba, bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, alhali saniyar Turai da ake ciyarwa a rumfa tana iya ba da lita ashirin ko fiye. Wannan giɓi ne ake cikewa da madarar gari daga ƙasashen waje, wadda jami'an gwamnati suka sha faɗin cewa tana cin ƙasar nan kimanin Dala biliyan 1.5 a kowace shekara. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaura aniyar taƙaita ba da kuɗin musaya don shigo da madara, a watan Maris na 2024 kuma ya janye takunkumin. A cikin wannan shekara ce aka ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, aka kuma kafa Ma'aikatar Kula da Kiwon Dabbobi ta Tarayya. A Jihar Kano shirin bunƙasa noma da kiwo wanda Bankin Musulunci ya ba da rance dominsa ya gina cibiyoyin tattara madara a wurare da dama. Duk waɗannan ayyuka ne na dogon zango. Uwar da ke da yaro ɗan wata goma sha takwas a yau ba za ta jira su ba.

CIKIN BAFILLACE DA CIKIN BAHAUSHE

Akwai wata tsohuwar magana da ake yi cikin raha, cewa ɗanyar madara abincin Fulani ce, Bahaushe in ya sha sai cikinsa ya yi ta ƙugi. Ashe maganar tana da tushe. A cikin madara akwai wani irin sukari da ake kira laktos, wanda hanji ba ya iya tsotsewa sai wani sinadari ya raba shi biyu. Kowane jariri ana haihuwarsa da wannan sinadari, amma a jikin yawancin mutanen duniya yakan ragu ƙwarai bayan yaye. Waɗanda yake ɗorewa a jikinsu har girma galibi jikokin makiyaya ne, kamar mutanen arewacin Turai da wasu Larabawa da Fulani.

A shekarar 1971 wani likitan yara na Jami'ar Stanford ta Amurka, Norman Kretchmer, tare da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun Nijeriya. Sun sami cewa Fulani makiyaya, kusan huɗu cikin biyar suna narkar da laktos ba wata matsala. A cikin Hausawa da Fulanin gida kuwa, mafi yawa ba sa iyawa, a cikin Yarabawa kuma kusan babu mai iyawa. Wanda ba ya narkar da shi, in ya kwankwaɗi ɗanyar madara da yawa, sukarin yakan wuce zuwa babban hanji inda ƙwayoyin halitta ke ruɓar da shi, sai kumburin ciki da iska, wani lokaci har da zawo.

To, amma kakanni sun riga likita gano mafita, ko da yake ba su san sunan laktos ba. Idan aka bar madara ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin da ke tsamar da ita sukan cinye wani kashi na sukarin, su kuma taimaka wajen narkar da saura a cikin hanji. Shi ya sa mutumin da kofin madara ke ɓata wa ciki yake shan fura da nono ya kwana lafiya. Don haka wanda ya ce ya koma madarar waken suya domin madarar shanu ba ta karɓe shi ba, yana da hujja a kan ɗanyar madara da ta gwangwani, amma hujjar tasa ba lalle ta hau kan kindirmo ba.

Inda nono yake da abin tsoro wani wuri ne dabam. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, mutum kuma ta sa masa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba a dace ba. Tana kuma iya ɗauko tarin fuka na shanu. Tsami yana rage haɗarin, amma tafasa ce ke kau da shi. A nan kindirmo ya fi tsala, domin a al'ada sai an dafa madara kafin a zuba mata iri ta kwana, shi kuwa tsala sau da yawa ɗanya ake bari ta yi tsami a kaɗe mai. Da rani kuma, in nono ya yi ƙaranci, akan ƙara masa ruwa da garin ƙwame don ya yi kauri. Garin ƙwamen ba abin ƙi ba ne, yana ma da bitamin C mai yawa. Abin tambaya shi ne inda aka ɗebo ruwan.

YADDA WAKEN SUYA YA SHIGO

Waken suya ɗan ƙasar Sin ne. Turawan mulkin mallaka sun fara gwada shi a Ibadan a 1908, a 1937 kuma aka kawo wani iri daga Malaya wanda ya karɓi ƙasar Tibi ta lardin Binuwai. Shekara da shekaru Tibi suna noma shi ana fitarwa waje, ba a cika cin sa a gida ba, domin yana da taurin dahuwa, ga shi da gafi. Abin ya canja ne a shekarun 1980. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fitar da irin da ke haɗa wa kansa taki a saiwa ba sai an zuba masa ƙwayoyin halitta na musamman ba. A 1987 kuma IITA ta soma wani shiri na koya wa mata sarrafa shi, daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida ya sa nama da madarar gwangwani suka fi ƙarfin talaka. Wani masani ɗan Japan, Osamu Nakayama, ya yi aiki a wannan shiri wajen daidaita hanyar da mutanen gabashin Asiya ke daskarar da madarar wake da irin hanyar da ake yin cukun nono da ruwan tumfafiya, wanda Yarabawa ke kira wara. Daga nan sunan awara ya samo asali.

Yau babu ƙauyen da za a shiga a ƙasar Kano a rasa mai suyar awara. Sana'a ce da matan aure ke yi a cikin gida, yara su kai talla ƙofar makaranta, dusar kuma a sayar wa masu kiwon awaki da tumaki. Manomi ma ya sami riba biyu, domin waken yana ƙara wa gona ƙarfi, yana kuma rage ƙudujin da ke kashe dawa in ana juya su. Kasuwar Dawanau, wadda ke makwabtaka da Tofa, tana cikin manyan wuraren da ake hada-hadarsa a Afirka ta Yamma.

Dalilin wannan karɓuwa a bayyane yake. Busasshen waken suya kusan kashi 40 cikin 100 nasa furotin ne, watau sinadarin gina tsoka, kimanin kashi 20 kuma mai ne. Farin wake bai wuce kashi 25 ba. Daɗin daɗawa furotin ɗinsa yana ɗauke da abin da gero da dawa da masara suka gaza a kai, don haka in an haɗa su kowanne yakan toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Kilo ɗaya yakan ba da madara lita shida zuwa takwas, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na madarar gari da za ta ba da wannan adadi ba.

INDA SUKA YI KUNNEN DOKI, DA INDA SUKA RABU

Idan furotin ake nema, madarar shanu da ta waken suya sun yi kunnen doki: kowacce tana da kimanin giram 3 a cikin mililita 100, muddin mai yin ta waken ba ta cika mata ruwa ba. Ta waken ba ta da laktos, man da ke cikinta kuma ya fi sauƙi ga jijiyoyin jini, abin da zai amfani dattijon da likita ya ce ya rage maiƙo. Jita-jitar da ke yawo a majalisun samari, wai waken suya yana rage wa namiji ƙarfi, an bi ta da gwaji sau da dama, an kuma tattara sakamakon a 2010 da 2021, ba a ga ya taɓa sinadarin mazakuta ba.

Inda suka rabu shi ne a kan abu biyu, abu biyun kuwa su ne waɗanda tuwon dawa da miyar kuka ba sa bayarwa yadda ya kamata. Na farko kalsiyam, wanda ake gina ƙashi da haƙori da shi. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 250, yana da kimanin miligiram 300, fiye da rabin abin da yaro ɗan shekara biyu ke bukata a yini. Madarar waken da aka yi a gida da ƙyar take kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Na biyu bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi. Yana cikin nono da nama da ƙwai da kifi, babu shi sam a cikin wake kowane iri. Madarar waken da ake sayarwa a manyan kantunan Turai kamfani ne ke zuba mata waɗannan abubuwa biyu, shi ya sa rubuce-rubucen da ɗalibai ke karantawa a waya suke cewa daidai take da ta shanu. Maganarsu gaskiya ce a kan kwalin da aka ƙara wa sinadari, ba a kan ledar da aka ƙulla a Yarimawa ba. Ita ma awara haka: mutanen Sin da wani farin dutse mai kalsiyam suke daskarar da tasu, a nan kuwa da ruwan tsami ko tsamiya ake yi, don haka ba ta samun wannan ƙari.

Wani zai ce ai wannan lissafin takarda ne. Amsarsa tana Jos. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka buga bincike a kan yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, ko suka yi gwame ko suka yi baka. Littattafan likitanci na Turai sun koyar da cewa rashin bitamin D ke kawo wannan, shi kuwa daga hasken rana fata ke samunsa. Amma yaran Nijeriya ba rana suka rasa ba. Abin da aka gano shi ne abincinsu bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a yini ba, waɗanda aka ba kalsiyam kuma sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. Ludayi biyu ko uku na nono a cikin kunun yaro kullum ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan hali. Abin farin ciki, kaɗe man shanu daga nono yana tafiya da maiƙo da bitamin A ne kawai, yana barin furotin da kalsiyam da B12, saboda haka ko tsala mai araha yana yin wannan aiki in an tabbatar da tsabtarsa.

Ke nan gidan da kuɗinsa ba su da yawa bai kamata ya ɗauki abin a matsayin ko wannan ko wancan ba. Furotin a neme shi a waken suya, inda ya fi araha: awara, da garin kunun nan da ma'aikatan yaƙi da tamowa ke koyarwa, na awo shida na gero ko dawa, uku na soyayyen waken suya, ɗaya na gyaɗa. Ɗan nonon da aka iya saye kuma a ba waɗanda ƙashinsu ke girma da mai ciki da mai shayarwa. Abin takaici, a gidaje da yawa tsarin a juye yake: gwangwanin madara na shayin maigida ne, yara kuwa sai farau-farau.

Sharaɗi ɗaya ke kan madarar waken suya wanda ba a yi masa sassauci. Ɗanyen waken yana da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin, zafi ne kawai ke kashe shi. Madarar takan yi kumfa ta taso tun ba ta tafasa ba, mai gaggawa sai ta sauke. Wajibi ne a rage wuta a bar ta tana tafasa minti goma sha biyar zuwa ashirin ana juyawa. Bayan haka kuma ba ta da haƙurin nono: nono tsaminsa ke kare shi, ita kuwa cikin zafin bazara 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ta lalace.

Jariri kuma ba ya cikin wannan muhawara ko kaɗan. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa zalla ne, ko ruwa ba a haɗa masa, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, kamar yadda addini da likita suka haɗu a kai. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta yarda a ba yaro ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya dafaffiyar madarar dabba in babu halin shayar da shi. Ba ta ba madarar wake wannan matsayi ba.

Akwai kuma abin da ake aunawa a mudu a kasuwa da sunan madara. Wani garin madara ne cikakke. Wani an cire masa man shanu an zuba man itatuwa a madadinsa, wannan bai rasa furotin da kalsiyam ba ko da yake ya ɗan gaza na farko. Wani kuwa garin sa shayi fari ne kurum, sitaci da mai da sukari, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. A ido duk ɗaya suke. Uwar da ke dama wa yaro na ukun nan tana zaton madara take ba shi ta yi hasarar kuɗinta, yaron kuma ya yi hasarar abin da ya fi kuɗi. In buhun yana kusa, a duba adadin furotin: garin madara cikakke yana da kimanin giram 25 a cikin giram 100.

KWALBAR DA KE KAN KANTA

Kalmar bitamin wani masani ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, ya ƙirƙiro ta a 1912, lokacin da ake gano cewa wasu cututtuka ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, rashin wani ɗan ƙanƙanin abu ne a cikin abinci. Wannan asali shi ne ma'aunin amfaninta har gobe: tana warkar da wanda ya rasa, ba ta ƙara wa wanda ya wadata kome.

An gwada wannan a kan dubban mutane. A Amurka an bi likitoci maza fiye da 14,000 har sama da shekara goma, rabi suna shan ƙwayar bitamin kullum, rabi suna shan ta bogi. Sakamakon da aka buga a 2012 bai nuna raguwar ciwon zuciya ba, sai ɗan ragi kaɗan a ciwon daji. Wani bincike na 2024 da ya bi mutane kusan 390,000 fiye da shekara ashirin bai ga masu sha sun fi marasa sha tsawon rai ba. Akwai ma inda abin ya zo da akasi: a ƙasar Finlan, a 1994, an ga mashaya taba da aka ba ƙwayar sinadarin nan mai launin karas sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Gaskiya ne waɗannan mutane ne masu cin mai kyau, ba a auna talakan Tofa da su. Amma ma'aikacin ofis mai cin ƙwai da nama da ganye, wanda ke ware wani abu daga albashinsa kowane wata don kwalbar da aka yi talla a rediyo, ya fi kama da su fiye da yadda yake zato. Shi da kansa ma yana shan ƙari bai sani ba, domin tun 2002 doka ta wajabta zuba bitamin A a cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, abin da tambarin ido a jikin kaya ke nunawa, gishiri kuma tun 1993 ake zuba masa sinadarin aidin don maganin maƙoƙo.

Waɗanda ƙwayar ta zama musu tilas su ne waɗanda ba a cika saya wa ba. Mace mai ciki tana bukatar sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kowace rana, domin jininta yana ƙaruwa, ɗan tayi ma yana ɗiba. Shi folik asid aikinsa mafi girma yana cikin kwana 28 na farko, lokacin da lakar jariri ke rufewa, sau da yawa kafin macen ta san ta ɗauka, don haka amarya da mai shirin sake haihuwa sun fi dacewa su fara tun da wuri. Yanzu asibitocin awo sun soma ba da wata ƙwaya guda mai haɗe da sinadarai 15, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sai yara daga wata shida zuwa shekara biyar, waɗanda ake ɗiga wa bitamin A sau biyu a shekara a Makon Lafiyar Mata da Yara: shuɗin ƙwanso ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga wanda ya haura. Asalin wannan shiri binciken Alfred Sommer ne a Indunisiya, wanda ya nuna a 1986 cewa ɗigon da aka sani da maganin dundumi yana kuma rage mutuwar yara. Kyauta ake ba da shi. Bayan waɗannan akwai masu sikila, da tsofaffin da cikinsu ya daina tsotsar B12, da masu ciwon sukari da suka daɗe a kan wasu magunguna, su kuwa likita ne ke yanke abin da za su sha.

Haɗarin saye da ka yana da fuska da dama. Bitamin A ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa, mai ƙaramin ciki in ta sha da yawa yana iya nakasa abin da ke cikinta. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe guba ne ga yaron da ya tsinci kwalbar ya haɗiye da yawa, mai sikila kuma da ake yi wa ƙarin jini bai kamata ya sha shi ba sai an auna. Ƙarancin jinin ma ba kullum daga abinci yake ba: zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya duk suna kawo shi, wanda kuwa ya yi ta shan ruwan ƙarin jini bai kashe tsutsar ba yana zuba ruwa a rariya ne. Mafi muni shi ne abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan bitamin na ƙiba, wanda aka fi sani da sha-ka-fashe. Galibi haɗi ne na maganin da ke buɗe ciki da wani mai ƙarfi da ake kira dezametazon. Kumburin fuska da yake kawowa ba ƙiba ba ce, a bayansa kuma akwai hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Ko da yake tun watan Fabrairu na 2024 hukumomi suka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro don a sami damar sa musu ido, mai tallar magani a faranti ranar kasuwar ƙauye bai san an yi ba. Abin da ba shi da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ko aka ɓare shi daga kwalinsa aka ƙulla a leda, ba abin kai wa gida ba ne.

Ita kuma mai cikin da ta karɓo ƙwayarta daga awo, akwai abubuwan da sau da yawa ba a samun sukunin gaya mata saboda cunkoson layi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba cuta ba ce. In tana tayar mata da zuciya, ta sha da dare bayan tuwo maimakon da safe. Kada ta kora ta da shayi, domin ganyen shayi yana ɗaure sinadarin ƙarfe ya hana shi shiga jini, haka ma nono da madara kowace iri, har da ta waken suya. A bar tazarar sa'a biyu tsakaninsu. Abin da ke taimaka masa shi ne ɗan tsami mai bitamin C, kamar lemo ko goba ko ɗanyen tumatir, waɗanda lambunan rani na wannan yanki ba sa rasawa. Bayan haihuwa kuma ba a yar da sauran ƙwayoyin, akan ci gaba da sha har mako shida zuwa goma sha biyu, gwargwadon yadda ma'aikaciyar asibiti ta ga jininta.